Tarwadar Mijina da Kyautar Babana

Mijina ma'aikacin gona ne, kuma irin mutanen nan ne da idan abu ya shiga ransu sai kowa a gidan ya haddace shi. Bayan an ba mu jihar Kebbi aka dawo da shi daga Sakkwato, ba a jima ba aka tura shi kwas can bakin teku, ya dawo mana da labarin wani kifi wai shi kobiya. Da safe kobiya, da yamma kobiya. Dogo ne, mai faɗin kai, bayansa ƙasa-ƙasa da farin layi a gefe, yana bin manyan halittun teku yana cin abin da suka rage. Girmansa ne ya fi ɗauke wa mijina hankali, wai kafin shekara ta zagayo sai ya kai yadda mutum ɗaya zai ɗauke shi da nishi. Ya ce a wasu ƙasashe har an fara gwada kiwonsa cikin keji a tsakiyar teku. Na tambaye shi ko za a iya kawo mana shi Jega, ya ce ina, kifin ruwan gishiri ne, kuma ba ya jure ƙazanta ko kaɗan. Na ce to ai sai ka bar mu mu ci tuwonmu.

Bai bar mu ba. Ya ce idan babu teku akwai fadama, idan babu kobiya akwai tarwada, ita ma ga faɗin kai ga ci. Ya samu wani fili a fadamar da ke hanyar Maiyama, kafin a kai Karaye, ya sa aka haƙa tafki. Ba kifin sayarwa ya fara tarawa ba, iyaye ya tara. Ya bi masunta yana zaɓar manyan mata masu lafiya da 'yan maza kaɗan, ya ce zai yi kiwonsu har damina ta kama, lokacin da cikinsu zai cika da ƙwai. A nan ne za a yi wa macen allura, a matse ƙwan cikin roba, a haɗa da ruwan namiji, a ƙyanƙyashe 'ya'ya. Duk abin da ya koyo, da duk abin da ya tara a shekarun aikinsa, yana cikin matan nan. Idan suka mutu kafin damina, babu ƙwai, babu 'ya'ya, babu kuma ƙarfin sake farawa.

Mutanen gari sun yi masa dariya son ransu. Ga gulbi a bakin gari, wa ke kiwon kifi kamar akuya? 'Yan uwansa na Kashin Zama, waɗanda ba su san komai ba sai albasa, suka ce boko ya taɓa shi. Ni kaina na yi tawa dariyar, amma a ɗaka. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ne babana.

Mu Rundawa ne, wato mahauta, gidanmu yana Jega Firchin, kuma babana yana cikin manyan da ake jin maganarsu a mayanka. Ni ce 'yarsa ta fari, don haka tsakanina da shi sai gaisuwa daga nesa. A ɗakin kakata na tashi. Ko da na yi karatu na zama malamar firamare, ban taɓa zama na yi hira da shi ba, shi ma idan zai yi zancena sai ya kewaya. Mijina kuwa surukinsa ne, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi, tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa. Haka muka taso muka tarar, kuma ban taɓa ganin aibinsa ba sai a bazarar nan.

Da babana ya ji cewa tarwada na cin hanji da tarkacen nama, sai ya fara aiko da ƙwarya guda duk ranar kasuwa. Mijina ya yi murna ƙwarai. Yakan dafa, ya yayyanka, ya watsa musu daidai abin da za su cinye nan take. Wata rana babana ya biyo motar wani direban a-kori-kura da ke kai nama Maiyama, ya ce bari ya ga abin da idonsa. Aka watsa hanji, ruwan ya yamutse, baƙaƙen kawuna suka taso suna wawaso. An ce tsohon ya yi dariya har hularsa ta kusa faɗawa ruwa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yanka, sai ga shi ya samu abin da yake ciyarwa.

Daga ranar ƙwarya ta zama bokiti, bokiti ya zama rabin duro. Ya gaya wa duk mahautan mayanka kada wanda ya ƙara zubar da komai, kifin surukinsa na so. Jini, guntun fata, kitsen da ya lalace, da ɗanyen dattin da ake zazzagewa daga tumbi, duk a duro. Kuma ba aikowa yake yi ba, da kansa yake rakowa, ya tsaya a bakin tafki ya ce a juye a gabansa. Mijina na durƙushe a gefe yana cewa an gode, Allah ya ƙara girma.

Kifi ba ya cin dattin tumbi. Abin da bai ci ba yakan nutse ya kwanta a ƙasa ya ruɓe. Ga zafin bazara, ruwan tafki kullum ja da baya yake yi. Ya tashi daga kore ya koma baƙi-baƙi, da kumfa a gefe, da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Da motar ta juya sai mijina ya tuɓe ya shiga da komar kamun kifi yana kwashe abin da zai iya. Yakan dawo gida da warin a jikinsa, sabulu ba ya fitar da shi. Ya ari injin ban ruwa wurin yayansa a Kashin Zama don ya riƙa sauya ruwan, amma shekarun wahalar mai ne, sai mutum ya wuni a layi ya dawo da abin da bai kai ya kawo ba.

Abin da ya ƙara rufe wa babana ido shi ne taurin ran tarwada. Mijina ya taɓa buɗe mini kan wata ya nuna mini wata tsoka ja mai rassa a bayan inda take shaƙar ruwa, ya ce da ita take shaƙar iska kamar mu. Shi ya sa idan ruwa ya ɓaci ba ta mutuwa nan da nan, sai ta riƙa tasowa tana haɗiyar iska tana komawa. Babana kuwa idan ya ga suna tasowa sai ya ce yunwa ce, a ƙaro. Ya sha faɗa a mayanka cewa shi da idonsa ya ga an tono tarwada da rai cikin taɓo, don haka ba abin da zai kashe ta sai wuƙa. Kuma gaskiya ya faɗa, ya gani ɗin. Sai dai ruwan da bai kashe ta yau ba yana cin fatarta, yana cin gashin bakinta, yana lalata ƙwan da ke cikinta.

Ranar da tarwada ta farko ta mutu, mijina bai gaya mini ba. A fuskarsa na gani, don ya sa hannu a tuwo ya kasa kaiwa baki. Na matsa, ya ce ya binne ta a bayan tafki. Na ce to sai ka gaya wa Baba ya daina. Ya dube ni kamar na ce ya je ya mari liman. Ya ce da wane baki? Mutumin da ya tsaya masa lokacin da gari ke dariya, ya tara masa mahauta, yake hawa mota cikin rana da tsufansa, shi za a ce wa kyautarka guba ce? Ya ce ke 'yarsa ce, ki faɗa. Na ce ni da ko ruwa ban taɓa miƙa masa hannu da hannu ba?

Sai muka bi ta hanyar da kowa ke bi, muka nemi ɗan aike. Na je wurin goggona, ƙanwar babana, wadda suke wasa da dariya da shi. Na zayyana mata komai, har warin sai da na kwatanta mata. Ta ce in bar mata. Da ta je sai ta ce masa yaran nan suna ta godiya, amma sun ce ɗawainiyar ta yi yawa, ya riƙa hutawa. Babana ya ce ɗawainiyar me, abin da ake zubarwa? Na koma na ce Goggo, ba haka na ce miki ba. Ta ce ita ba za ta iya duban tsabar idon yayanta ta ce masa yana ɓarna ba, in ina da wannan ƙarfin halin ga hanya nan. Mijina ya tura abokinsa, wani malamin asibitin dabbobi da suke mutunci da babana. Ya je, aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo masa balangu mai zafi, suka yi hirar tsadar shanu, ya dawo yana sosa ƙeya. Na ce Allah ya sa naman ya yi daɗi.

Raina ya ɓaci da kowa a kwanakin nan. Na ji haushin goggo, na ji haushin abokin, na fi jin haushin mijina da ke durƙusawa yana godiya sannan ya shiga ruɓaɓɓen ruwa har wuya. A makaranta ina rubutu a allo hankalina na fadama. Tarwada ta biyu ta mutu, ta uku ta bi ta, daga nan na daina tambaya. Kullum muna duban gabas ko hadari zai taso ya kawo sabon ruwa, sama kuwa fes.

Ana saura kwanaki kaɗan babbar sallah goggo ta zo da albishir, tana murna. Wai babana ya tara duk mahautan da za su bi gida-gida fiɗar ragunan layya, ya ce kowa ya tara dattin tumbi da tarkacen da ya samu, ya sa an nemo duro-duro, ya yi magana da direba. Kifin surukinsa ma za su yi sallah. Mijina yana zaune a kan tabarma lokacin da ta faɗa. Ya ce Allah ya saka da alheri. Bayan ta fita ya ce mini, a hankali, ko rabin wannan aka juye, kafin wayewar gari babu wadda za ta rage.

Na ce to a kwashe su a kai wani wuri. Ya ce ina? Kuma kifin da fatarsa ta riga ta yi gyambo, idan aka kama shi aka jijjiga a duro cikin wannan zafi, a hanya zai mutu. Na ce to a tare direban tun a gari. Ya ce Baba a gaban motar yake zama. Daga ƙarshe ya ce shi zai faɗa, ranar sallah a bakin tafki, zai daure ya faɗa. Na dube shi na san ba zai iya ba. Na dai ce zan raka shi.

Da aka sauko daga idi ya yanka ragonmu, muka bar wa ƙannensa aikin, na hau bayan babur da kayan sallata. Gari duk hayaƙi, an fara jera raguna a jikin itace kewaye da wuta. Rabona da tafkin an daɗe, kuma tun kafin mu sauka warin ya tare mu. Ruwan ya ja baya sosai. Kifayen na rataye a tsaye, kai sama wutsiya ƙasa, bakinsu na buɗewa yana rufewa. Wasu gashin bakinsu ya guntule, wasu da fararen tabo a baya. Mijina ya tayar da inji, ruwa mai kyau ya fara zuba, ba a jima ba injin ya yi tari ya mutu, mai ya ƙare. Muka zauna a inuwar wata bishiya. Duk motar da ta wuce a titi sai na ɗaga kai na duba.

Bayan azahar muka hango a-kori-kurar ta sauko daga titi tana rangaji, duro-duro a baya, mahauta uku a tsaye sun riƙe su. Babana ya fito daga gaba da babbar rigarsa ta sallah, fuskarsa cike da fara'a. Da ya gan ni sai ya kawar da kai, kamar yadda ya saba, ya amsa gaisuwata yana duban wani wuri. Mijina ya cire takalmi ya durƙusa. Aka yi barka da sallah. Aka sauke duro na farko, aka fara mirgino shi zuwa bakin ruwa. Na zuba wa mijina ido. Na ga leɓensa na motsi, na ga ya ɗago kai, sai na ji ya ce an gode, Baba.

Mahautan suka kafa duron a gefen tafki, ɗaya ya sa hannu zai cire murfi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na je na tsaya tsakanin duron da ruwa.

"Baba, kada a zuba," na ce. "Abin ga da kaka kawowa, shi ka kashe kihin."

Mahautan suka sunkuyar da kai, direban ya koma bayan mota. Babana bai dube ni ba. Ya daɗe yana kallon ruwan, irin kallon da bai taɓa yi masa ba, don da can wawason kawai yake zuwa gani. Sai ya tuɓe babbar rigar ya miƙa wa na kusa da shi, ya naɗe wando, ya shiga. Mijina ya yunƙura zai hana shi, babana ya ɗaga masa hannu. Taɓo baƙi ya taso yana kumfa a kewayen ƙafafunsa. Ya sa hannu biyu ya ɗauko wata babbar mace da ke gefe, ko motsin kirki ba ta yi ba. Ya fito da ita ya kwantar a kan ciyawa, ya juya ta, ya shafa gyambon da ke bayanta. Ya zaro wuƙarsa ya tsaga cikin. Ƙwan da ya kamata ya fito tsaba-tsaba ya narke ya zama ruwa-ruwa da jini.

Ya goge wuƙar a ciyawa. Sannan ya juya ya dubi mijina ido cikin ido.

"Tun yaushe?"

Mijina ya ce, kansa a ƙasa, tun farkon bazara.

"Nawa sunka mutu?"

Ya nuna masa bayan tafki, inda ƙasa ta yi tudu-tudu.

Babana ya kalli wurin, ya kalli duro-duron da ke mota. Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi mini sauƙi.

"Kullum in na taho, an gode kaka ce min. Kun bar ni ina kashe maku dabba da hannuna, kuna kallo na. Har na tara mutane."

Ni da na ɗauka idan na faɗa zan ji sanyi a raina, sai na ji kamar in nutse a wurin. Ban taɓa tunanin abin ta wannan gefen ba. Mu muna ganin girmama shi muke yi, ashe mun bar shi yana yawo a mayanka yana alfahari da abin da duk na kusa da shi suka san ɓarna ce.

Ya sa aka mayar da duron mota, aka kai can gonar wani aka juye a matsayin taki. Ya tambayi abin da ya hana injin aiki, aka ce mai. Ya ce wa direba ya zuƙo na motarsa duka, shi zai san yadda za su yi. Injin ya tashi. Mahautan nan, da kayan sallarsu, suka shiga ruwa da bokitai suna kwasar taɓo, shi yana tsaye a rana yana nuna musu inda ya fi kauri. Mijina ya kawo masa tabarma, bai zauna ba. Na kawo ruwan sha na ajiye kusa da shi, bai taɓa ba. Da rana ta yi sanyi, ruwan ya fara washewa, kifayen suka fara sauka ƙasa ɗaya bayan ɗaya, sai ya wanke ƙafafunsa a bakin tiyo, ya sa rigarsa, ya taka zuwa titi ya tsayar da motar haya. Bai yi wa kowa sallama ba.

Kusan rabin matan sun rayu. Daminar nan ba a samu komai ba, ƙwan duk ya lalace, sai ta gaba mijina ya ga 'ya'yan farko suna motsi a cikin roba, ƙanana kamar zare. Ya aika a gaya wa babana, shi kuwa ya aiko da Allah ya sa albarka. Na yi ta sa ran wata ranar kasuwa zan ji an ce ya biyo mota ya je gani. Bai sake taka fadamar nan ba.

Bai yi fushi da mu yadda mutane ke fushi ba. Muna zuwa gaisuwa yana amsawa, ranar suna yana zuwa, bai taɓa tayar da zancen ba. Bai kuma daina yi mana aike ba. Abu ɗaya ne ya sauya. Duk wanda ya aiko, ko da tsokar nama ce ko goron sallah, ba ya miƙa mana kai tsaye. Sai ya tsaya a zaure da kayan a hannu ya ce, Baba ya ce a tambaya, ana so, ko a mayar? Na aika goggo ta roƙe shi ya bari, ya ce mata ai tambaya ba laifi ba ce.

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Sallar ƙarshe da ya yi a duniya, yana kwance ba ya ko iya tashi, ya sa aka kawo mana cinyar rago. Ƙanena ne ya kawo, mutum da gemunsa da 'ya'yansa. Ya tsaya a zaure, ya kasa dubana, ya ce Yaya, ki yi haƙuri, ya ce lallai sai na tambaya.

Na ce ka ce masa ana so.